Kwana Biyar Ɗin da Yaya Ya Bar Mini

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, kuma ran wata Talata aka kira Yayana ya amsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsi ya ce kansa na sara masa, ya kishingiɗa a soro, kafin a kira azahar an rufe masa ido. Ni ina marina hannuna cikin daro aka aiko mini. Haka na iso gidanmu na gado a Goron Dutse da shuɗin hannu har gwiwa, ko sabulu ban tsaya nema ba.

Jama'a ta taru, ba laifi. Limamin unguwa, wanda suka yi makarantar allo tare da Yaya, ya zauna bakin dakali yana shafa gemu, ba abin da yake iya cewa sai "Allah Sarki, Malam mai ƙwari." Mai shayin bakin layi ya kife tukunyarsa ya zo, ido jawur, yana tambayar duk wanda ya gani: "To yanzu wa zan riƙa ajiye wa kwalba?" Wasu dattawa uku da suka yi aikin gwamnati tare da shi suka sauko daga mota ɗaya, ɗayansu ya riƙe hannuna duk da shuɗin, ya ce a zamaninsu in takarda ta fito da sa hannun Yaya ba mai sake duba ta. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu kuwa kuka take da ƙarfi a ƙofar gida, tana cewa shi ya hana ta shan ruwan rijiyarta, kuma sai da ya bari kowa ya watse ya faɗa mata, don kada a ce gidanta da ƙazanta.

Ni ban yi kuka ba. Mutane suka ɗauka tawakkali ne, har wani ya yaba mini. Ba tawakkali ba ne. Sati shida muka yi ni da Yaya ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa, kuma ya tafi ban sani ba ko da fushina ya tafi. Wannan abu ne ya hana hawaye fita.

Da muka dawo daga makabarta, maƙwabta suka shiga gyara soro don zaman makoki. A soron nan akwai katako hawa huɗu jingine da bango, kowane hawa kwalabe goma da ruwa a ciki, kowace kwalba an ɗaura mata zare a wuya. Wani bawan Allah mai himma ya ce wurin zai yi kaɗan, ya ɗauko bokiti zai juye su a kwata ya shimfiɗa tabarma. Ya riga ya kai hannu, sai muka ji murya daga cikin gida, matar Yaya ce, wadda muke kira Hajiya. Ban taɓa jin ta ɗaga murya haka ba.

"Kada wanda ya taɓa kwalbar nan! Auta yana nan? A ce masa ya tsaya a kansu."

Ni ne Auta. Gemuna ya yi fari, ina da jikoki, amma a gidan nan ban taɓa samun wani suna ba. Na je na tsaya gaban katakon ina kare shi, alhali duk duniya ba wanda ya fi ni son a zubar da ruwan nan. Zan faɗi dalili, amma bari in fara faɗin wane ne Yaya, don saboda shi na ɗauki alƙalami, ni da rabona da rubutu mai tsawo tun ina firamare.

Mahaifinmu marini ne, kakanmu ma haka. Yaya kaɗai aka kai boko, ya ƙare a ɗakin gwajin ruwa na gwamnati, ya yi shekara talatin da wani abu yana duba ruwan da masana'antu ke saki. Ranar da ya yi ritaya, wasu sun dawo gida da agogon bango, shi da kwalba ya dawo, ya rungume ta a kan cinya cikin ɗan sahu. A cikinta akwai abin da ake kira ƙumar ruwa. Ba ƙumar kare ba ce, ba ta cizo. Wata 'yar halitta ce ta kududdufi da tafki, ba ta kai ƙwayar riɗi ba, jikinta garau, in ka sa gilashin ƙara girma har 'ya'yan da ta goya kana gani. Tsalle-tsalle take a cikin ruwa, ƙananan kifi kuma ita suke ci. Yaya ya yi kiwonta a soron gidanmu har ya koma ga Allah, yana ciyar da ita da ruwan gansakuka da ɗan yis.

Mun yi masa tsiya har mun gaji. Ni ne kan gaba. Nakan ce, "Yaya, mutane na kiwon rago su yi layya, kai da me za ka yi layya?" Sai ya yi murmushin nan nasa na gefen baki, ya ce, "Auta, ragonka ba zai faɗa maka abin da ke cikin ruwa ba." Ba ya kwana biyu a wani gari, ko biki ne ko rasuwa. Shekarar da ya je Makka, Hajiya ya bar wa kiwon, kuma ta rantse mana cewa duk sanda ya bugo waya, sai ya tambayi lafiyar kwalabe kafin ta yara. Shi kuwa ya ce sharri ne, sau ɗaya ne kawai.

Kalmarsa ɗaya ce: "Mu gwada." In ana musu a majalisa kan ruwan wace rijiya ya fi, ba ya sa baki, gobe sai ka gan shi da kwalabe biyu. In Hajiya ta ce sabon omo ya fi tsohon, ya ce mu gwada. Wata rana na ce masa tuwon gidana ya fi na gidansa, ya ce mu gwada, ya bi ni har gida ya cinye malmala biyu, sannan ya ce gwaji ɗaya ba ya isa hukunci, sai ya sake dawowa. Bai iya cewa "ina ji" ba. Ko ya sani, ko ya ce bai sani ba tukuna, kuma wannan "tukuna" ta sha ƙona mini rai, don ni mutum ne mai son a gama magana yau.

Yadda yake gwajin ma sai mai haƙuri. Zai sa jaririyar ƙuma guda ɗaya a kowace kwalba. Layi ɗaya ruwa mai kyau zalla, shi yake kira shaida. Sauran layukan kuma ruwan da ake tuhuma, wani da yawa, wani kaɗan. Kullum da safe ya ƙirga 'ya'yan da kowace uwa ta haifa, ya tsame su, ya rubuta. Duk bayan kwana biyu ya canja ruwa. Haka har kwana ashirin da ɗaya, ba ragi. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai zuba su a ruwan ya ga sun mutu ko ba su mutu ba, a huta. Ya ce, "Guba iri biyu ce. Akwai mai gaggawa, ita kowa ya sani. Akwai mai haƙuri, ba ta kashe uwa, haihuwa take hana ta. Sai ka wayi gari kududdufi ba kowa, kuma ba ka ga gawa ko ɗaya ba."

Akwai wata ɗabi'a tasa da na ɗauka wauta ce. Ba ya yarda ya san wane layi ne wane. Shi zai rubuta yadda za a haɗa ruwan, Hajiya ce za ta haɗa a cikin gida, ta zuba a jarkoki, ta ɗaura wa kowace zare daga zaren ɗinkin hularta, launi daban-daban. Shi zare kawai yake gani. Sai an gama kwanakin ta faɗa masa. Na ce, "Yaya, kai da kanka ba ka yarda da kanka ba?" Ya ce, "Da idona na yarda. Da zuciyata ce ban yarda ba. In ta san abin da take so, sai ta taya ido ƙirga."

Ba zan rubuta Yaya in bar zancen hannuna ba. Ina da shekara arba'in da 'yan kai sodar rini ta kwaranye mini a hannu biyu, fata ta saluɓe. Yaya ne ya kai ni asibiti, ya dawo da ni gidansa, ya ce matata tana da goyo, ba za ta iya da ni ba. Sati biyu yana ba ni tuwo a baki da hannunsa. Shi yake yi mini alwala, shi yake ɗaura mini tazuge. Ni ƙato da iyali. Kunya ta ishe ni, na ce ya bari yara su yi, ya ce, "Wanne ne ban yi maka ba kana ƙarami? Buɗe baki." Bai taɓa tada zancen ba bayan nan, ko a ranar da na ci masa mutunci, kuma wallahi da ya tada da ya fi mini sauƙi.

Ga yadda cin mutuncin ya zo. Bara wani dillali ya kawo mana sabon maganin kama launi a cikin jarka, rubutun jikinta ba wanda ya iya karantawa a cikinmu. Tabɗijam! In ka sa shi, shadda ba ta zuba ko an wanke ta sau nawa. Masu kaya suka yi ta zuwa, har daga wajen Ƙofar Nassarawa ake aiko mini. Magidanta shida ke aiki tare da ni, kowa ya ji daɗi. Ruwan da muka gama da shi kuwa kwata muke sakar wa, kamar yadda muka saba, kwatar ta kai shi kududdufin bayan marina.

Wata safiya sai ga Yaya ya zo da sandarsa da jarka biyu. Ya zaga bakin kududdufin, ya daɗe a tsugune, ya dawo da bawon katantanwa cike da tafin hannu, duk babu kowa a ciki.

"Auta, yaushe rabonka da jin kukan kwaɗi a nan?"

"Haba Yaya, ni aiki nake ko sauraron kwaɗi?"

"Ruwa ba ya tsami banza. Ba ni na kwatar nan in gwada."

Na ce dillalin ya tabbatar mana an gwada maganin a can inda aka yi shi. Ya ce a kan me aka gwada, kwana nawa? Tambayar ta harzuƙa ni. Na bar shi ya ɗiba ya tafi, amma sai na yi abin da har yanzu in na tuna nake jin nauyi. Na je gidansa yana masallaci, na ɗebi ƙumarsa a kofi, na zuba musu ruwan kwatata da aka sirka, na ajiye kwana biyu. Ba wadda ta mutu. Na ɗauki kofin na kai majalisa bayan la'asar, gaban liman da kowa, na ɗaga shi sama, na ce, "Ga ƙwarin Yaya nan suna rawa a ruwana. Mun gwada!"

Aka yi dariya. Yaya ya karɓi kofin, ya duba, ya ce, "Kwana biyu ka yi. Saura goma sha tara." Ni kuwa baki ya riga ya ɓalle. Na ce ya fi son ƙwari da ɗan'uwansa. Na ce shi da ya ci albashin gwamnati ya huta, bai san abin da ake nufi da magidanta shida su dube ka da safe ba. Na ce so yake a rufe marinar ubanmu da ya guje mata tun yana yaro. Liman ya ce, "Subhanallahi, Auta." Yaya ya miƙe da kofin a hannu, a hankali don kada ruwan ya zube, ya shiga gida.

Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma ni na san nawa ya wuce saɓani. Kullum ina cewa Juma'a mai zuwa zan je in ba shi haƙuri, girman kai yana cewa bari dai ya gama gwajinsa tukuna, in ya fito ba komai shi zai zo. Na ji labarin ya kafa kwalabe arba'in a kan ruwana. Ran da ya rasu, da safe ya ƙirga na kwana goma sha shida.

To, ran Laraba da sassafe, kafin masu gaisuwa su cika soro, Hajiya ta aiko a kira ni. Tana takaba, ba za ta fito cikin maza ba. Na tsaya bakin ƙofar ɗakinta, labule tsakaninmu. Da can ni da ita wasa muke, irin na ƙanin miji da matar wa, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ranar ba wasa a muryarta.

"Saura kwana biyar. Ruwan ni zan ci gaba da haɗawa in miƙo maka. Ƙirgar kai za ka yi."

"Hajiya, ni? Kin fi kowa sanin ruwan wa ake tuhuma. A kira ɗaya daga cikin abokan aikinsa mana."

"Sun tsufa, idonsu ya tafi, nawa ma haka. Yayanka ya sha cewa duk zuri'ar nan ba mai ido irin naka, kai da kake raba shuɗi kala bakwai a inuwa."

"Ya faɗi haka? Yaushe?"

"Ba yau ba. Ga littafin nan, ga gilashin. Sauran tsakaninka da Allah ne."

Na so in tambaye ta ko ya ambace ni a kwanakin ƙarshe, na kasa. Na karɓi littafin na koma soro.

Aikin ba wasa ba ne. Ka ɗaga kwalba saitin hasken ƙofa, ka nemo uwar, ka zuƙe ta da ɗan bututun gilashi ka sa a sabon ruwa ba tare da ka ji mata ciwo ba, sannan ka ƙirga 'ya'yan da suka rage, abubuwa kamar garin gero suna ta tsalle. Na farko sai da na ƙirga sau huɗu ina samun lissafi huɗu. Masu gaisuwa suna shigowa su tarar da ƙanin mamaci ya juya musu baya yana leƙen kwalba. Wani ya raɗa wa na kusa da shi cewa mutuwar ta taɓa ni. Liman ya ce a ƙyale ni, amanar mamaci nake saukewa, sai ya koma karɓar gaisuwa a madadina har in gama.

Zare huɗu ne: fari, kore, ja, baƙi. Ba sai an faɗa mini komai ba, ido ya isa. Layin fari iyaye sun yi ɓul-ɓul, 'ya'ya fal. Layin kore kusan haka, da ɗan ragi. Layin ja iyayen suna raye, suna tsallensu, amma 'ya'ya tsiraru. Layin baƙi kuwa iyayen sun ƙanƙance, sun yi fari fat, yawancinsu bayansu wayam. Duk suna raye fa, kamar yadda na nuna a majalisa. Na duba shafukan baya da rubutun Yaya, na ga haka abin yake tafiya tun kwana na tara. Na ce a raina fari da kore ruwa mai kyau ne, ja da baƙi nawa ne.

Ran sadakar uku shaiɗan ya same ni. Gida ya cika, ana ta rabon waina da gumba, abokan aikina su shida suna zaune a waje sun zo taya ni. Na ɗaga wata kwalba ta layin ja, na ga 'ya'ya uku. Ba mai kallona. Ba mai iya sake ƙirgawa, don da na gama zan zubar da su. Wallahi tallahi hannuna ya rubuta goma sha uku. Na zauna ina kallon abin da na rubuta a ƙarƙashin rubutun Yaya. Da biro yake rubutu, bai taɓa amfani da fensir ba. Sai na lura da wani wuri a shafin baya da ya yi kuskure: bai goge ba, bai cakuɗa ba, layi ɗaya ya ja a kai yadda kowa zai iya karanta kuskuren, ya rubuta daidai a gefe, ya sa hannu. Na ja layi a kan nawa. Na rubuta uku. Na sa hannu. Yana nan a littafin har gobe, duk wanda ya buɗe zai ga ranar da Auta ya yi ƙarya, kuma ban yage shafin ba.

Daga ranar na daina sa maganin a marina, na ce wa mutanena ya ƙare ne. Ban iya faɗa musu gaskiya ba tukuna. Kwana biyun da suka rage na yi su ne kamar mai jiran hukunci. Abin da nake faɗa wa kaina shi ne, Yaya ya ga abin da na gani har kwana goma sha shida, ya san ƙaninsa ne ya kashe kududdufi, ya kuma san ƙanin ya yi masa dariya a bainar jama'a. Da wane ido ya kalle ni ran Juma'ar ƙarshe da muka gaisa a ƙofar masallaci?

Ran Lahadi na ƙirga na ƙarshe, na rufe littafin, na je bakin labule na yi sallama.

"Na gama, Hajiya."

"Sannu. Me ka samu?"

Na karanta mata, layi-layi, ban rage komai ba. Na ce, "Ba sai kin wahalar da kanki ba. Ja da baƙi nawa ne."

"Naka ne. Baƙi da yawa, ja kuwa ɗan kaɗan ne aka ɗiga, daidai yadda ya auna yake isa kududdufi. Fari shi ne shaida."

"Kore ma shaida ne ai."

"Shaida ɗaya ake yi, Auta. Kore ma naka ne. Ƙarfinsa ɗaya da baƙi."

Na ce ba zai yiwu ba, ko ta rikita zaren ne. Ta ce ita da ta shekara goma sha tana ɗaura zaren nan ba yau za ta rikita ba, in zaga bayan madafi in gani. Na zaga. Randuna uku ne a jere bisa bulo, kowace an huda gindinta an sa ɗan bututu, ta sama tana ɗiga a ta ƙasa. Ta farko tsakuwa da yashi, ta biyu gawayi dakakke, ta uku gawayi da yashi mai laushi. Bakin ta farko ya rine da shuɗin marinata. A ƙasan ta uku akwai kwano, ruwan cikinsa garau, shi ne ruwan layin kore.

Na dawo bakin labule. Hajiya ta ce tun washegarin abin da ya faru a majalisa ya fara haɗa su. Shi ya daka gawayin da kansa a turmi, yana yi yana hutawa, ya hana kowa taya shi. Sau biyu yana rushewa yana sakewa, shi ya sa gwajin bai fara da wuri ba.

"Na ce masa, mutumin da ya yi maka wannan a gaban jama'a? Ya ce, 'Tsoro ne ya yi magana, ba Auta ba. Mutum shida ke bayansa. Ba zan je masa da bari kaɗai ba, sai na haɗa da ga yadda za ka yi.' Na ce to ka faɗa masa mana ya ji sanyi. Ya ce a'a, bai sani ba tukuna, in randar ba ta yi ba ya sa maka rai a banza. Cewa ya yi ran Lahadin nan, in kore ya yi kyau, da kansa zai taka har marina."

Nan kukan da na kasa yi ran Talata ya zo. Na durƙusa a tsakar gida, gaban mata da yara, na yi shi da murya, ban ji kunyar kowa ba. Hajiya ma tana yi a bayan labule. Da ta lafa ta ce, "To ya isa haka, ƙaton banza, za ka tara mana jama'a." Ita ce tsokana ta farko da ta yi mini tun rasuwar.

Washegari na tara mutanena shida na buɗe musu littafin, har shafin da na ja layi. Na ce maganin bai ƙare ba, ƙarya na yi, ga abin da yake yi wa ruwa. Mun haƙa ramuka uku a bayan marina, mun yi musu siminti, muka zuba tsakuwa da yashi da gawayi yadda na gani a randunan. Kore bai kai fari ba, na faɗa musu wannan ma, don haka jarkar maganin tana nan a rufe har sai an gwada ruwan ramin da ƙumar Yaya, kwana ashirin da ɗaya cur. Wasu masu kaya sun koma wani wuri, ɗaya daga cikin mutanena ma ya bi su, ban riƙe shi ba. Yau kwana na sha ɗaya da fara gwajin. In aka tambaye ni ko ramin ya yi, cewa nake ban sani ba.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ka san abin da ya ɓoye na alheri fiye da yadda muka sani. Ka yafe masa, Ka yalwata masa kabari, Ka shayar da shi ruwan da ba ya buƙatar gwaji. Ka ba Hajiya haƙuri da mu baki ɗaya. Ni kuma, ya Ubangiji, haƙurin da na yi ta ɗagawa daga Juma'a zuwa Juma'a har ƙasa ta rufe shi, Ka isar masa da shi. Ka ce Auta ne, ya zo a makare.